Abin Da Ya Kamata Mai Sa Faifai Ya Duba Kafin Ya Sayi Tagwayen Na'urar CD

Daga Wakilinmu a Ikko

A daren wata Asabar, a wani gidan rawa da ke nan Ikko, na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana. Wajen ƙarfe ɗaya na dare fili ya cika maƙil, kiɗa ya yi daɗi, sai kawai faifai ya kama in'ina, yana ta maimaita wuri guda, daga nan ya yi tsit. Shirun bai wuce daƙiƙa goma ba, amma kafin kiɗa ya dawo jama'a sun yi ihu, rabinsu sun koma kan kujeru, mai gidan kuwa ya nufo saurayin da ke sa faifan da fuska a murtuke. Daga baya na sami labari cewa a cikin makon nan yaron ya sayi na'urar, ta hannu, da kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa, kuma waƙa ɗaya tak aka kunna masa a shago ya biya. Da Asabar ta kewayo wani dabam aka kira.

To, jama'a masu karatu, mai sa faifai, wanda yaran zamani ke kira DJ, alkawari ɗaya ya ɗaukar wa mai gidan rawa ko mai biki, watau kiɗa ba zai yanke ba. Saboda wannan alkawari ne aka ƙera na'ura mai aljihu biyu: faifai ɗaya yana tashi a lasifika, ɗaya kuma yana kunnen mai sa faifai yana shirya shi. Duk wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi irin wannan na'ura, da wannan ma'auni ya kamata ya auna ta.

ASALIN ABIN

Dabarar haɗa waƙa da waƙa ba tare da an ji gaɓa ba ta girmi faifan CD. A birnin New York na Amurka, wajen 1969, wani mai sa faifai mai suna Francis Grasso ya yi suna a gidan rawa na Sanctuary saboda yadda yake daidaita bugun gangar faifai biyu na garmaho, ya shigo da na biyun kafin na farkon ya ƙare. A 1972 kamfanin Technics na Japan ya fito da garmahon SL-1200, a 1979 kuma ya fito da ƙanensa SL-1200MK2 mai sandar ƙara sauri ko rage shi da kashi 8 cikin 100. Wannan garmaho shi ya zama abin aikin masu sa faifai a duniya har shekaru masu yawa.

Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka haɗa kai suka ƙirƙiro, ya shiga kasuwa a 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, yana ɗaukar kiɗan minti 74 zuwa 80, kuma hasken leza ne ke karanta shi a maimakon allura. Amma na'urorin farko na zaman falo ne, ba a iya taɓa saurinsu, in an danna su kuma sai sun yi ɗan jinkiri kafin su tashi. Sai a farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su Numark da Denon suka fito da tagwayen na'urori na masu sana'a, kuma DN-2000F ta Denon ta cika gidajen rawa da ɗakunan taro. Siffarsu kusan ɗaya ce: akwati mai aljihu biyu na sa faifai, da allon maɓallai dabam, da waya mai haɗa su, duka an yi su da faɗin inci 19 domin su shiga akwatin kayan sauti.

Kamfanin Pioneer ya bi wata hanya. A 1994 ya fito da CDJ-500, na'ura mai cin faifai ɗaya wadda ake ɗorawa bisa tebur, mutum ya sayi biyu ya sa na'urar gauraya sauti a tsakaninsu. A 2001 CDJ-1000 ta zo da babban faranti wanda ake murzawa da hannu sauti ya bi hannun, tamkar faifan garmaho. Daga nan manyan gidajen rawa suka karkata ga wannan tsari.

WA YA KAMATA YA SAYA?

Wajibi ne a faɗa wa mai karatu gaskiya tun da wuri: zamanin CD ya ja baya. A 2009 CDJ-2000 ta zo da kafar sa filash, a 2020 kuma CDJ-3000 ta fito ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. Manyan masu sa faifai a yau da filash ko kwamfutar tafi-da-gidanka suke zuwa aiki. Saboda haka galibin tagwayen na'urorin CD da za ka tarar a kasuwar Alaba ta Ikko, ko a shagunan kayan lantarki na Sabon Garin Kano, na hannu ne, waɗanda suka riga suka ci duniyarsu a wata ƙasa.

Duk da haka akwai waɗanda na'urar za ta yi wa rana. Akwai mai koyo wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai ƙaramin otel ko ɗakin taro mai bukatar abin da za a ɗaure a akwati a kulle. Akwai tsohon hannu mai tarin fayafayan da ba ya son rabuwa da su. Akwai kuma mai aiki da kwamfuta wanda ke son abin da zai riƙe fili idan kwamfutar ta sanƙare. In kana cikin waɗannan, fara neman irin ta baya-bayan nan mai karanta MP3 da kafar filash, kamar MEP-7000 ta Pioneer, domin ko ranar da idon leza ya mutu ba za ka yi asarar na'urar gaba ɗaya ba.

Sai dai tagwaye suna da aibu guda wanda ya kamata a sani. Ɓangarorin biyu wuta ɗaya suke sha, allo ɗaya ke sarrafa su. In abin da ke raba wuta a ciki ya ƙone, duka biyun sun tafi a lokaci guda. Mai na'urori biyu masu zaman kansu kuwa, in ɗaya ta mutu zai lallaɓa da ɗayar har gari ya waye. Tagwaye sun fi araha da sauƙin ɗauka, rababbu sun fi kwanciyar hankali, kowa sai ya auna aljihunsa.

GWAJI A GABAN MAI SHAGO

Kada ka je kasuwa hannu rabbana. Tafi da abin sauraro na kunne da fayafayai uku: ɗaya na kamfani, ɗaya wanda aka ɗura wa waƙoƙi a kwamfuta, ɗaya kuma mai 'yar ƙarzuwa. Dalili kuwa shi ne idon leza yana raunana da tsufa, kuma faifan da aka ɗura a kwamfuta ba ya mayar da haske kamar na kamfani. Idon da ya gaji zai karanta faifan kamfani lami lafiya, ya tsaya yana lalube a kan ɗurarren. Mai shago ya san haka, shi ya sa da sabon faifan kamfani yake yin gwaji.

Da farko duba lokacin da kowane aljihu ke ɗauka daga rufewa zuwa nuna yawan waƙoƙi. Lafiyayyar na'ura 'yan daƙiƙoƙi kaɗan take yi. Sa'an nan ka tsallaka zuwa waƙar ƙarshe. CD daga tsakiya ake fara karanta shi a nufi baki, saɓanin garmaho, kuma a can bakin ne faifai ya fi lilo, nan ne kuma abin da ke tura idon ke nuna gajiyarsa. Duk abin da ka yi wa ɓangaren dama ka yi wa na hagu, domin sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya shan wahala.

Na biyu shi ne girgiza. A gidan rawa manyan lasifikoki suna kaɗa tebur, ƙafafun jama'a suna kaɗa daɓe. Na'urar kirki tana da rumbu a cikinta wanda ke karanta kiɗa gaba ya ajiye, na daƙiƙa goma ko fiye, yadda in ido ya goce daga layi rumbun zai ci gaba da ba da sauti har idon ya koma. Bari waƙa ta ɗan yi tafiya rumbun ya cika, sa'an nan ka ƙwanƙwasa gefen akwatin da hannu. In sauti ya yi tsalle, ajiye ta ka duba wata. Tsofaffin na'urori na farko da yawa ba su da wannan rumbu.

Na uku shi ne tashi nan take. Maɓallin da aka rubuta wa CUE shi ke sa alama a daidai bugun da kake so waƙa ta fara. Lokaci a faifan CD an raba kowace daƙiƙa gida 75, kuma na'urar masu sana'a tana barinka ka zaɓi gida ɗaya daga ciki. Sa alamar a kan bugun ganga na farko, ka danna maɓallin kunnawa sau ashirin a jere. Kowane karo lalle ne bugun ya fito tare da yatsanka. Waɗannan maɓallai biyu su ne suka fi shan duka a hannun mai na'urar na farko, in sai an danna da ƙarfi suke amsawa to sun kusa mutuwa.

Na huɗu shi ne sandar sauri, wadda ita ce zuciyar sana'ar. Alal misali, waƙa mai bugu 120 a minti ɗaya tana tashi, kana son shigo da mai bugu 125. Sai ka rage wa ta biyun kashi 4 cikin 100, bugun biyu su zo daidai. Sanda mai kashi 8 za ta iya kai waƙa mai bugu 120 daga wajen 110 zuwa kusan 130, wannan kuwa ya wadatar ga yawancin aiki. Ja sandar a hankali daga sama har ƙasa kana kallon lambobin da ke kan allo. In suna hawa da sauka a natse, lafiya. In suna tsalle, ko suna motsi alhali hannunka ba ya kai, ƙura ta cinye sandar, kuma waƙoƙinka za su riƙa rabuwa a tsakiyar fili.

Har ila yau, ƙara sauri yana sirantar da murya. Ƙarin kashi 6 cikin 100 yana ɗaga muryar mawaƙi da rabin mataki, kunnen da ya san waƙar kuwa zai ji. Saboda haka nemi na'ura mai maɓallin riƙe murya, wanda Pioneer ke kira Master Tempo, mai barin ganga ta yi sauri murya ta tsaya inda take.

WUTA DA ƘURA

Kafin a jona komai, juya akwatin ka karanta rubutun da ke bayansa. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Na'urar da aka yi don kasuwar Amurka kaɗai, in aka jona ta kai tsaye, hayaƙi za ta yi. Wasu suna da ɗan makunni na sauya wuta a baya, wasu kuwa sai da taransifoma mai rage wuta. Tunda kuma rabin aikinmu da janareto ake yinsa, kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin na'ura, kada a ware shi.

Kada ka bar shagon ba tare da wayar da ke haɗa allon maɓallai da akwatin faifai ba. Kowane kamfani da irin tasa, wani lokaci ma kowane samfuri, kuma samun ta a ware aiki ne ja. Tagwayen na'urar da ba ta da wannan waya ƙarfe ne kawai. Haka nan ka tambayi mai gyaran da ka amince da shi ko ana samun idon leza na wannan samfuri, tun kafin ka biya.

Ga 'yan'uwanmu na Arewa, ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Tana kwanciya a kan gilashin ido, tana shiga sandar sauri, tana daskarar da man da ke kan hanyar aljihu. A rufe na'ura da ƙyalle in ba a aiki, a ajiye ta a akwatinta. Faifai kuma a share shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, domin na'ura tana iya cike gurbin ƙarzuwar da ta ratsa layin kiɗa, amma wadda ta bi layin a kewaye takan gagare ta. Gefen da ke da rubutu ma a kiyaye shi, don kiɗan ya fi kusa da wannan gefen.

Daga ƙarshe, roƙi mai shago ya bar na'urar tana aiki na rabin sa'a ko fiye, ɓangarorin biyu a tare, domin wani ciwon ba ya fitowa sai ƙarfe ya yi zafi. A daidaita kuma a rubuce a kan rasit cewa in ta ba da matsala cikin kwanaki kaza za a mayar. Mai shagon da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma sa'a ɗaya da za ka ɓata a kasuwa kana ƙwanƙwasa akwati ta fi sauƙi bisa ga tsayuwa gaban mutum ɗari biyu kiɗa ya ɗauke.

Shi kuwa saurayin nan da muka fara da labarinsa, na sake gamuwa da shi bayan wata biyu a wani bikin aure. An sake wa na'urar idanu biyu, ya ɗora ta a kan soso mai kauri nesa da lasifika, ga kuma wayarsa a jone da na'urar gauraya sauti da waƙa a shirye, saboda ko-ta-kwana.