Masu duban taurari da ke kiran adalci a Amurka

A Amurka duban taurari ya daɗe da barin shafin bayan jarida, ya tare a cikin waya. Rahoton cibiyar bincike ta Pew na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari na baligan ƙasar sun yarda da shi. Inda jama'a suka taru haka kuwa, kasuwa ta ci. A cikin kasuwar ne aka samu wani rukuni na masu duba da suka ce su ba irin na da ba ne, domin aikinsu yana tafiya da fafutikar kare haƙƙin waɗanda aka danne.

Fitacciya a cikinsu ita ce Chani Nicholas, 'yar asalin Kanada da ta yi suna a Los Angeles. Littafinta You Were Born for This ya fito a 2020, kuma a ƙarshen shekarar ita da Sonya Passi suka ƙaddamar da manhajar CHANI. Kamfanin ya ce yana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da ke shigo masa ga waɗanda suka tsira daga cin zarafin cikin gida, ta hannun ƙungiyar FreeFrom da Passi ta kafa. Akwai kuma Alice Sparkly Kat, mai littafin Postcolonial Astrology na 2021, wanda ya bi sawun yadda mulki da dukiya da daular Rumawa suka shiga cikin ma'anonin da Turawa ke ba taurarin Zuhal da Mushtari da Zuhura.

Abin da suka sauya shi ne irin maganar da ake yi wa mai neman duba. Tsakanin 1952 da 1953 masanin Jamus Theodor Adorno ya yi nazarin shafin taurari na jaridar Los Angeles Times, ya tarar kusan kullum shawara ɗaya ce: yi haƙuri, bi maigidanka, gyara halinka. Su kuwa sababbin suna gaya wa mai karatu cewa ba kowace wahala ce laifinsa ba. Akwai wariyar launin fata, akwai tsadar haya, akwai albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Wannan gaskiya ce, kuma wanda aka daɗe ana ɗora wa laifin talaucinsa zai ji sanyi idan ya ji ta.

Sai dai ba taurari ne suka faɗe ta ba. Kowane malamin tattalin arziki zai iya faɗar haka ba tare da ya tambayi ranar haihuwarka ba. A 1985 mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka ba ƙwararrun masu duba taswirar haihuwar mutum da bayanan halayya uku, aka ce su zaɓi nasa. Sakamakonsu bai fi na mai canki-in-canka ba. Tun a 1948 Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa takarda guda mai bayani iri ɗaya, kowa ya ɗauka da shi kaɗai ake, har matsakaicin makin da suka ba ta ya haura 4 cikin 5. Wanda ya taɓa zama gaban mai bugun ƙasa a nan gida ya san salon: a ce maka kana da maƙiya na kusa, kuma akwai alherin da ke tafe. Wa zai ce ba da shi ake ba?

Kyakkyawar niyyar mai sana'a ba ta sauya wannan. Kuɗin da ake ba matan da aka ci zarafi kuɗi ne na gaske, kuma ya cancanci yabo, amma daga aljihun mai biyan kuɗin manhaja ya fito, wanda sau da yawa damuwa ce ta kai shi can. Sannan duba ɗin da ake son ya 'yantar da mutane a Amurka shi ne yake ɗaure wasu a Indiya, inda budurwar da aka ce tauraron Mirrihi ya faɗo mata a mugun gida takan sha wuya kafin ta samu miji.

Akwai kuma batun wanda ke iya shiga ƙofar tun farko. Cikakkiyar taswirar haihuwa tana buƙatar rana da gari da ainihin lokacin da aka haifi mutum, domin burujin da ke ɓullowa daga gabas yana sauyawa kusan duk bayan sa'o'i biyu. A 2019 UNICEF ta ƙiyasta yara miliyan 166 'yan ƙasa da shekara biyar ba a yi musu rajistar haihuwa ba, wato ɗaya cikin huɗu a duniya. Wanda ungozoma ta karɓa a ɗakin kakarsa, abin da kawai aka riƙe shi ne an haife shi da kaka bayan sallar isha'i, manhajar ba ta da cikakkiyar taswirar da za ta zana masa, ko da ya biya kuɗin wata.