Agogon zamani: me ya sa bai zauna a hannun mutanenmu ba?

Yau batun agogon zamani za mu taɓa, wanda ake haɗawa da salula, ya ƙirga taku, ya auna bugun zuciya. A Lamorde, ƙetaren gadar Kennedy a nan Yamai, mukan gan shi a hannun ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni. Amma wanda aka aiko wa tsohuwa tsaraba, sau da yawa cikin kwalla yake ƙarewa.

Ba mu kaɗai ke ɗari-ɗari ba. A 2013 kamfanin Google ya fito da tabarau mai kwamfuta a kan dalar Amurka 1,500, jama'a suka ƙi shi, aka janye shi a farkon 2015. A shekarar ne Apple Watch ya fito, shi kam ya samu kasuwa a ƙasashen da wuta ba ta yankewa.

To mu fa? Na farko caji. Irin wannan agogo wani kullum sai an yi masa caji. Mun tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar. Mai biyan kuɗin cajin salula a ƙauye, ina zai ɗauki baki na biyu? Sannan rubutun da ke jiki Faransanci ne ko Ingilishi, kuma mafi yawansu sai da babbar salula.

Ga babban abin lura. Wasu masu arha ana tallarsu cewa suna auna sukari. A watan Fabrairun 2024 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi kada a dogara da agogo ko zobe mai iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari ya bi lambar ƙarya wajen shan magani, ai rai ne a ciki.

Amma ku dubi ɗan carbin yatsa mai ƙirga tasbihi. Ba wanda ya yi mana wa'azinsa, muka rungume shi: arha, batiri mai daɗewa, amfani a fili.

Don haka mai niyyar aike, tambayi na gida tukuna. Wataƙila na'urar awon hawan jini ta damtse, ko kuɗin zuwa asibitin Lamorde, sun fi masa agogo. Allah ya ƙara mana lafiya.