Jona Ƙaramin Murhu Da Babbar Tukunyar Gas: Abin Da Bidiyon YouTube Ba Ya Faɗa Maka

Duk mai dafa shayi, Indomie ko gasa nama da tukunyar gas mai kilo 3 ya san haushinta: ana tsaka da ciniki sai wuta ta yi ƙasa ta mutu. A gari irin Mairuwa, da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau a ƙaramar hukumar Faskari, yawan fita cika tukunya kuɗi ne da ɓata lokaci. Shi ya sa mutum kan yi tunanin sayen mai kilo 12.5, ya ja tiyo ya jona da ƙaramin murhunsa.

Abin yana yiwuwa, amma ba yadda ka gani a waya ba. Da yawa daga bidiyon nan daga Amurka suke. Ƙaramin abin gashinsu yana zuwa da regiletarsa a jiki, tiyo kawai suke ƙarawa su kai shi ga tukunya mai kusan kilo 9. Bakin tukunyarsu ma ba irin namu ba ne. Sai ka yi odar tiyon ta intanet, ka jira makonni, ya iso ya ƙi shiga.

Mutane da dama sun ɗauka babbar tukunya ta fi ƙarama ƙarfin turo gas. Ba haka ba ne. Gas ɗin ciki ruwa-ruwa yake, kuma zafin gari da irin haɗinsa ne ke ƙayyade matsinsa. A zafin digiri 40, irin na watan Afrilu, butane kan kai kusan bar 3, propane kuwa ya haura bar 12. Tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2.5 ba. Murhun tebur kuma abin da yake buƙata wajen bar 0.03 ne kacal. Aikin regileta ke nan, ta karya wannan matsi kafin ya shiga tiyo.

Don haka fara duba irin murhunka. Idan na tebur ne, ko abin gashi mai bakin saka tiyo, sai da regileta ta gida. Ka tsallake ta, ko ka sa masa mai ƙarfi irin ta manyan murahun masu abincin biki, wuta za ta yi tsalle ko tiyo ya suɓuce. Idan kuma kan nan ne da ake murɗawa a saman mai kilo 3 ko 6, an ƙera shi ne ya sha gas kai tsaye ta wata 'yar mitsitsiyar ƙofa. Ka haɗa shi da regileta ta gida, sai ka samu wutar da ko ruwan shayi ba za ta tafasa ba. Wasu a nan suke kai shi wa mai walda ya buɗa ƙofar. A ganina gara ka ƙara kuɗi ka sayi murhun tebur mai kai ɗaya.

Tiyon ya zama na gas, ba na ban-ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da kilif na ƙarfe, ba waya ko robar taya ba. Tukunya ta tsaya a tsaye, a inuwa, nesa da wuta da janareta. Bayan ka jona, kaɗa omo da ruwa ka shafa a duk mahaɗa. In kumfa ta riƙa kumbura, gas na fita. Kada ka gwada da ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in ka ji warinsa a ɗaki rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, kar ka taɓa makunnin lantarki. Hoton da za ka ɗora a WhatsApp ya jira sai ka fita waje.

Akwai kuma bidiyon da ke koya juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a gida. Wannan kam ka wuce shi. Ana barin kusan kashi 20 cikin 100 na tukunya ba a cika ba don gas ya samu wurin buɗawa idan ya ji zafi, kai kuma ba ka da sikelin da zai tsayar da kai. Ko a shagunan cikawa abin na kashewa: ranar 4 ga Janairun 2020, gas ya fashe a wani shago a Sabon Tasha, Kaduna, kuma cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya.

In tukunya ta hannu za ka saya, duba shekarar da aka buga a jikinta. Hukumar SON ta sa wa'adin tukunyar gas shekara 15.