Ƙaramar mota: saye sau ɗaya, ciyarwa kullum

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa na Madawa, Buza ko Keita, in ya tara ƴan kuɗi, sau da yawa burinsa ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, wadda za ta ɗauki iyali zuwa biki ko asibiti. Buri ne mai kyau. Amma mota kamar doki take: kuɗin saye sau ɗaya ne, harawa kuwa kullum.

Mu fara da mai. A shekarar 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499. Mu ɗauki misali: motar da ke shan lita 8 cikin kilomita 100, in ta yi kilomita 1000 a wata, ta sha lita 80, wato kusan jika 40. A shekarar 2024 kuwa mafi ƙanƙantar albashi bisa doka jika 42 ne. Da can mutanen bakin iyaka sun dogara ga ruwa-ruwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya, amma da aka janye tallafin mai a can cikin 2023, arahar ta tafi.

Bayan mai, akwai takardu. Asirans da binyet ba su san ko motar ta yi tafiya ko tana kwance a gida ba. Lokacinsu na yi, sai biya. Ga baƙin mai, ga taya, ga batir.

Sai hanya. Wanda ke bin babban titin Yamai zuwa Damagaram, da ya ratsa Madawa, motarsa za ta jima. Amma ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce da ƙoramu. Mota mai gajeren ciki, in ta bi hanyoyin ƙauyukan Buza da Keita da damina, dutse ya fasa mata tukunyar mai, rairayi ya riƙe ta. Dalilin da ya sa dattawa ke yabon Peugeot 504 ke nan, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975: cikinta da tsawo, kayan gyaranta a kusa. Yau ma ma'aunin bai sake ba. Toyota Corolla da ta ga jiya, wadda kowane makaniki ya san cikinta, ta fi mai ƙyalli wadda sai an aika Yamai neman ƙarfenta, kuma ran sayarwa ba ta rasa mai taya.

Saboda haka, kafin a biya, a tafi da makaniki amintacce ya duba inji, a tabbatar takardun duwan sun cika, sannan a zauna da alƙalami a lissafa kuɗin shekara guda. In ciyar da mota zai taɓa hatsin gida ko kuɗin karatun yara, a dakata. Kowa ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa.