Masu farautar jiragen ƙasa: Mutanen da ke wuni a tashoshin Landan ba don tafiya ba

A tashar jirgin ƙasa ta King's Cross da ke tsakiyar birnin Landan, kusan kowa sauri yake yi. Wani na jan akwati, wani ya ɗaga kai yana duba allon da ke nuna lokacin tashin jirage, wani kuma na gudu kada a rufe ƙofa ya rasa jirginsa.

Amma idan mutum ya bi dandamali har ƙarshe, inda rufin tashar ya ƙare, yakan tarar da wasu mutane a tsaye waɗanda babu inda za su. Wasu na riƙe da kyamara, wasu ƙaramin littafi da biro. Da jirgi ya kunno kai sai su ɗauki hotonsa, su rubuta lambar da ke jikin injinsa, su koma jiran na gaba.

Turawan Ingila na kiran su trainspotters, wato masu farautar jiragen ƙasa da ido. Burinsu shi ne su ga kowane inji na wani samfuri, ɗaya bayan ɗaya, har su kammala jerin.

Babu inda suka fi so kamar manyan tashoshi, saboda a nan layuka ke haɗuwa. Tashar Clapham Junction da ke kudancin Landan, alal misali, tana da dandamali 17, kuma kimanin jirage 2,000 ne ke bi ta cikinta kowace rana. Wanda ya tsaya a kan gadarta awa ɗaya zai cika shafuka.

An shafe shekaru ana yi wa waɗannan mutane dariya. Sai dai da yawa daga cikin abin da Birtaniya ta sani a yau game da jiragenta na da, daga littattafansu da hotunansu ya fito.

Littafin sule ɗaya

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun wannan al'ada shi ne littafin wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Fanny Johnson, wadda a 1861 ta riƙa rubuta sunayen injinan da ke wucewa kusa da gidansu a yammacin Landan, a kan layin da ke shiga tashar Paddington.

Amma wanda ya mayar da abin ruwan dare shi ne Ian Allan, wani matashin akawu a kamfanin Southern Railway da ke aiki a tashar Waterloo. Cikin aikinsa har da amsa wasiƙun jama'a masu tambaya a kan injinan kamfanin. Da tambayoyin suka yi yawa, sai ya tattara lambobin injinan a ƙaramin littafi ya buga a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Kwafi 2,000 ya fara bugawa, kowane a kan sule ɗaya, kuma nan da nan suka ƙare. Dabarar mai sauƙi ce: duk injin da yaro ya gani da idonsa, sai ya ja layi a ƙarƙashin lambarsa.

Allan ya kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa, wadda mambobinta suka kai 150,000 a 1951. Tun a lokacin matsalar da ake fama da ita a yau ta ɓulla, domin yara kan tsallaka shinge su hau layin dogo. Wannan ya sa ƙungiyar ta wajabta wa duk mai son shiga ya yi alƙawarin ba zai keta haddin layin ba.

Abin da hoto ya adana

Shekarun 1960 sun sauya komai. Rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,300 da layin dogo mai tsawon kusan mil 5,000, kuma an aiwatar da mafi yawansa. A watan Agustan 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina amfani da injinan kwal a manyan layukanta, aka yanyanka dubbai aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe.

Gine-gine ma ba su tsira ba. Katafariyar ƙofar dutse ta tashar Euston, wadda aka gina a shekarun 1830, an rushe ta tsakanin 1961 da 1962 duk da ƙorafin jama'a. Wanda yake son ganin ta a yau sai dai a hoto.

Cikin waɗanda suka bar irin wannan gado akwai Eric Treacy, wani limamin coci da ya kai matsayin bishop na Wakefield. Ya fara ɗaukar hoton jirage ne a shekarun 1930 a birnin Liverpool, inda da yawa daga cikin mabiya cocinsa ma'aikatan jirgin ƙasa ne. Ya rasu a watan Mayun 1978 a tashar Appleby, yana jiran ɗaukar hoton Evening Star, injin kwal na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasar ta ƙera. Hotunansa kimanin 12,000 suna gidan tarihin jiragen ƙasa da ke birnin York.

Duk da haka, bayan gushewar injinan kwal mutuncin sha'awar ya zube a idon jama'a. Sunan rigar sanyin da masu farautar ke sawa, anorak, ya koma kalmar zolaya da ake jifan duk wanda ya ƙwallafa rai a kan abin da wasu ke ganin ba shi da amfani.

Tsakanin tsaro da sha'awa

Bayan hare-haren bam na 7 ga Yulin 2005 da suka kashe mutum 52 a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata motar bas a Landan, mutumin da ke tsaye a tasha da kyamara ya zama abin zargi. Masu ɗaukar hoto sun yi ta kokawa cewa 'yan sanda na tare su suna bincike a ƙarƙashin sashe na 44 na dokar yaƙi da ta'addanci ta 2000, wanda ya ba da damar binciken mutum ko da babu wani dalilin zargi. A Janairun 2010 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukuncin cewa sashen ya saɓa wa 'yancin jama'a, daga baya aka soke shi.

Sai dai ba kullum laifin ke wajen hukuma ba. Ranar 25 ga Fabrairun 2016, shahararren injin nan Flying Scotsman ya tashi daga King's Cross zuwa York bayan gyaran shekara goma da ya ci fam miliyan 4.2. An ƙera shi a 1923, kuma shi ne injin kwal na farko da aka tabbatar a hukumance ya yi gudun mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160, a 1934.

Dubban mutane sun fito kallo. Kusa da garin St Neots wasu suka hau kan layin da kyamarorinsu, a hanyar da jiragen zamani ke gudun mil 125 a awa. Dole aka tsayar da zirga-zirga. Kamfanin Network Rail, mai kula da layin dogon ƙasar, ya ce jirage 59 ne suka makara, kuma ya biya diyyar kusan fam 60,000.

Daga nan aka riƙa ɓoye lokutan tafiyar injin don rage cunkoso a bakin layi. Masu bin doka ne suka fi jin jiki, saboda laifin 'yan tsiraru. Hawa layin dogo ba da izini ba laifi ne a Birtaniya da tararsa ke kaiwa fam 1,000.

A yau Network Rail na da ƙa'idoji a rubuce ga masu wannan sha'awa. Ana so su sanar da ma'aikata idan sun iso babbar tasha, su nisanci bakin dandamali, kada su kunna fitilar kyamara domin tana iya kashe wa direba ido, kada kuma su ɗauki hoton na'urorin tsaro. Kamfanin ya ce yana maraba da su, domin wanda ya san tasha ciki da bai shi ne zai fara lura idan wani abu ba daidai ba.

Sabon jini

Wayar hannu ta sauƙaƙa farautar. Shafuka irin su Realtime Trains na nuna inda jirgi yake da lokacin da zai iso, abin da a da sai an wuni ana jira cikin sanyi.

A 2021 wani ɗalibin jami'a da aka fi sani da Francis Bourgeois ya yi fice a TikTok, inda yake ɗaura ƙaramar kyamara a goshi tana ɗaukar fuskarsa yana ƙyalƙyala dariya duk lokacin da direba ya busa masa ƙaho. Miliyoyin mutane ne ke bibiyarsa, har kamfanin tufafi na Gucci ya sa shi a talla a 2022. Matasa da 'yan mata da dama sun fara fitowa dandamali ba tare da jin kunya ba.

Abin da ke jan su bai sauya ba tun zamanin Ian Allan: jirgin da ake gani kullum, wata rana za a neme shi a rasa. Ranar 18 ga Mayun 2019 tashar Paddington ta cika maƙil da masu kyamara, domin jiragen InterCity 125 huɗu sun jeru kafaɗa da kafaɗa za su yi tafiyarsu ta ƙarshe daga tashar, bayan aikin da suka fara a 1976. Lokacin da suka shigo, wasu masu farautar sun raina su saboda sun kori tsofaffin injinan da suke ƙauna.

A King's Cross ma jiragen Azuma sun maye gurbinsu a 2019. Yawancin fasinjoji ba sa ko ɗaga kai su kalle su. Amma a ƙarshen dandamali akwai masu rubuta lambobinsu.