Lanhon itace: wa ke biya, ina kuɗin ke zuwa?

'Yan'uwa manoman Gabi, akwai tambayar da ke yawo a cibiyoyin yaƙi da jahilci. Tsohon ma'aikaci ya aje aiki, ya dawo gida yana karɓar fansho. Yana raya itatuwa a gonarsa, yana kuma kai itace kasuwa. Shin fanshonsa zai sa a ƙara masa lanhon itace?

Amsa ita ce a'a. Wannan lanho ba na kan mutum ba ne. Na lodin itace ne.

Ga yadda abin ya samo asali. A shekarar 1992 gwamnatin Nijar ta yi doka a kan cinikin itacen wuta. Dokar ta ba ƙauyuka damar buɗe kasuwannin itace na karkara. An buɗe irinsu a kewayen dajin Baban Rafi. Mutanen ƙauye ke sara, su tara, su sayar. Ɗan kasuwar da ya zo da mota don ya kai itacen birni, kamar Maraɗi, shi ke biyan lanho. Ana ba shi takarda wadda zai nuna wa ma'aikatan gandun daji a hanya.

To ina kuɗin ke zuwa? Dokar 1992 ta raba su uku. A dajin da aka tsara saransa yanki-yanki, cikin kowace dala 10, dala 5 ta ƙauye ce, dala 4 ta gunduma, dala 1 ta baitulmali. Daga rabon ƙauye ake cire na gyaran daji. Wanda ya ɗauko itace a dajin da ba a tsara ba, lanhonsa ya fi tsada.

Itatuwan gona fa? A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan sassaben zamani. Ta amince cewa manomin da ya raya itatuwa a gonarsa yana da hakki a kansu. Mai fansho da marar fansho duk ɗaya ne a nan.

Saboda haka, kafin ka sare gawo ko wani babban icce, je ka ga ma'aikacin gandun daji. In mai mota ya zo lodi, ku tabbata an rubuta takarda. Lodin da ya fita ba takarda, rabon ƙauyenku ne ya tafi. Ku da kuka iya karatu, ku duba lissafin kasuwarku, ku karanta wa jama'a.