Mutumin Da Ƙara Ke Yi Wa Ciwo

Da wuya a sami garin da babu irinsa. Yaro ne, ko kuwa babba, wanda da an ta da injin niƙa sai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. In ana biki a unguwa, makaɗa suna kiɗa, mata suna guɗa, yara su kan ruga wurin, shi kuwa sai ya ruga ƙuryar ɗaki. Wani ya kan yi ta kuka yana birgima, har ya riƙa buga kansa a ƙasa. Mutane su ce taurin kai ne. Waɗansu su ce an sangarta shi. Waɗansu kuma su ce iska ce, a kai shi wurin mai magani. To, a wannan darasi muna so mu gaya muku abin da likitoci suka gano. Da yawa cikin mutanen nan ba da gangan su ke yi ba. Ƙarar ciwo ta ke yi musu, ciwo sosai, kamar yadda ƙaya ke yi wa ƙafa.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo kun sha jin ana cewa galahanga, ko da ya ke mutanenmu su kan laƙaba sunan nan ga larurori iri iri waɗanda ba ɗaya su ke ba. Otizim ba cuta ce da a ke ɗauka wurin wani ba. Da shi a ke haihuwar mutum, da shi ya ke girma, da shi ya ke tsufa. Ƙwaƙwalwarsa ce ta ginu wani iri dabam, gado kuwa yana da hannu ƙwarai a ciki. Ba laifin uwa ba ne. Ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. A ƙasar Denmark an bi yara fiye da 650,000, aka ba da sakamako a 2019, ba a ga allurar ƙyanda ta ƙara wa kowa otizim ba. Ƙiyasin da aka yi na shekarar 2021 ya nuna mutum 1 cikin kowane 127 a duniya yana da shi. Ku lissafa mutanen garinku, ku gani.

Wani mai otizim ba ya magana sam. Wani ya kan yi jinkirin magana. Wani kuwa bakinsa garau, har ya fi kowa karatu a aji. Yawancinsu ba su son kallon idon mutum, ba su kuma son a sauya musu abin da suka saba. Amma yau maganar ƙara kaɗai za mu yi.

Cikin waɗanda suka fara bayyana halin nan filla filla akwai wani likita, Leo Kanner, a wani asibiti na birnin Baltimore a Amurka. A 1943 ya rubuta labarin yara 11, maza 8, mata 3. Ya lura waɗansunsu su kan firgita da abubuwan da ba su dami kowa ba, kamar injin shara, da ruwan famfo mai zuba, har da iska in tana kaɗawa. Ya kuma lura da wani abin mamaki. Yaron nan da ke gudun ƙara, shi da kansa ya kan yi ƙarar da ta kai wannan, yana murna. Iyaye da yawa a nan su ke ruɗewa. Su ce, “Ai ɗazu ya gama buga kwano, yanzu kuma don an buga ƙofa ya ke ihu? Iya shege ne.” Ba iya shege ba ne. Ƙarar da ya yi da hannunsa ya san sa'ad da za ta zo, ya san sa'ad da za ta tsaya. Wadda ta faɗo masa daga waje ba shiri, ita ce mai ciwo. Duk da haka sai a 2013 ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa wannan cikin alamomin da a ke dubawa kafin a ce mutum yana da otizim.

Kunne da ƙwaƙwalwa

Sau da yawa in an gwada kunnen mai otizim a asibiti sai a tarar lafiyarsa lau. Bambancin yana can ciki. Kunne ɗauka kawai ya ke yi, ƙwaƙwalwa ce ke tacewa.

Ga misali. Kun shiga kasuwa ran da ta ci. Mahauta suna sara, dillalai suna ciniki, awaki suna kuka, mai tallar magani ya ƙure lasifikarsa. Amma da abokinku ya yi muku magana sai ku ji shi sarai, sauran hayaniyar ta koma baya. Me ya sa? Domin ƙwaƙwalwarku tana da abu kamar rariya. Ta kan riƙe dusa, ta saki gari. To, rariyar mai otizim ramukanta manya ne. Dusa da tsaki da gari duk tare su ke zubowa. Muryar abokinsa, da saran mahauci, da kukan akuya, duk ƙarfinsu ɗaya a kansa. Sai ku yi ta yi masa magana bai amsa ba, ku ce kurma ne ko mai raini. Alhali ji ne ya yi masa yawa.

Ba kunne kaɗai ba. Hasken rana a kan farin bango, da fitilar da ke ƙyaftawa, da warin fetur ko turare, da sabuwar shadda mai sitaci wadda ke kartar wuya, duk haka su ke shigarsa. Akwai kuma waɗanda nasu ya juya, watau jin ya yi musu kaɗan, har su ji rauni ba su kula ba. Mutum ɗaya ma ya kan haɗa duka biyu.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, nauyin nan taruwa ya ke yi. Ku ɗauka tulu ne aka girke ƙarƙashin indararo. Da asuba janaretan maƙwabci ya zuba nasa. A hanya babura sun zuba nasu. A makaranta ƙararrawa da ihun yara sun zuba nasu. In yunwa ko rashin barci ta samu, tulun da rabi ya ke farawa. Da yamma ya dawo gida, ƙanensa ya ya da murfin tukunya, sai tulu ya tumbatsa. Mutanen gida su ce, “A kan murfin tukunya kawai?” Ba su ga abin da ya shiga tun safe ba.

In ya tumbatsa, hanya biyu ya kan bi. Wani ya fashe da kuka da ihu da duka. Wani kuwa ya yi tsit, ya ƙame, magana ta ƙi fita, kamar an kashe fitila. Akwai yadda za ku rarrabe wannan da rigimar yaro. Yaro mai rigima yana kuka yana satar kallonku, da kun ba shi abin da ya ke so sai ya yi shiru. Wannan kuwa bai san ma kuna wurin ba. Ko kun ba shi alewa ba zai karɓa ba. In abin ya wuce ya kan gaji tiɓis, babba kuma ya kan ji kunya ƙwarai.

Labarin Temple Grandin

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Da yawa cikin abin da aka sani game da wannan ciwo daga bakin masu shi aka ji. Cikinsu akwai wata mace Ba'amurkiya, Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947. Ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku. Da ta girma ta rubuta littattafai, na farko ya fito a 1986, ta bayyana abin da ta riƙa ji tana ƙarama. Ta ce ƙararrawar makaranta ta kan soke ta kamar yadda injin likitan haƙori ke yi in ya taɓa jijiya. Ta ce mai renonta, in za ta hore ta, sai ta hura jakar takarda ta fasa, wannan fashewar kuwa azaba ce a gare ta. Tufafin ado masu kaushi da a ke sa mata ran Lahadi su ma suna cikin abin da ke sa ta rigima, ba kuwa wanda ya gane dalili. Ko da ta girma, ta ce ba ta iya jin magana a waya in tana wuri mai hayaniya.

Tana budurwa ta je gonar wata gwaggonta a Arizona, inda a ke kiwon shanu. Can ta ga wani makari da a ke sa saniya a matse ta in za a yi mata allura. Ta lura da an matse saniyar sai ta natsu. Ta shiga ta gwada da kanta, ta ji hankalinta ya kwanta. Tana da shekara 18 ta ƙera irinsa nata, wanda ita ce ke riƙe da igiyarsa, ta matsa yadda ta ke so, ta saki sa'ad da ta ke so. Kun ga maganar Kanner ta sake fitowa. Rungumar mutane ba ta iya jurewa, amma matsin da ke hannunta magani ne.

Daga baya ta zama farfesa ta ilmin dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado. In shanu suka ƙi shiga wata hanya, ma'aikata suna ta duka da ihu, ita sai ta sauka ta bi hanyar, ta duba abin da saniya ke gani. Sai ta tarar sarƙa ce ke lilo, ko inuwa ta gitta, ko wani ya rataye riga a shinge, ko ƙarfe ke ƙara. A kawar da abin, shanu su wuce salin alin. Manyan mayanka da yawa a Amurka sun bi tsarinta. Duk makiyayi ya san wannan gaskiya ne. In sa ya tirje, mai hankali ya kan duba abin da ya tsorata shi tukuna. Abin takaici, mu kan yi wa sa wannan adalci, mu hana ɗanmu.

Abin da za a yi a gida

Ana auna ƙara da wani ma'auni, desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. Babur wajen 95. In ƙara ta kai 85, mutum yana cikinta awa 8 kullum, ko mai lafiyayyen kunne sai jinsa ya ragu. Lasifikar biki ta kan wuce 100. Garuruwanmu kuwa sun yi ƙara ƙwarai, har mun daina lura. Ba za ku iya kashe janaretan gari duka ba, amma cikin gidanku kuna da iko.

Na farko, ku riƙa ba shi labari kafin abin ya zo. “Audu, yanzu za a ta da inji.” Kalma bakwai ke nan, ba ko kwabo, amma ta kan rage rabin wahalar. In biki na zuwa, ku gaya masa tun saura kwana biyu. Ku gaya masa kuma inda zai tafi in ya gaji. Ya kamata ya sami wuri guda mai shiru, mai ɗan duhu, wanda in ya shiga ba mai binsa da tambaya. Kada a mai da wurin nan na horo.

Auduga a kunne tana ragewa kaɗan. Abin rufe kunne irin na ma'aikatan masaƙa da filin jirgi ya fi. A sa shi lokacin bukata, a kasuwa ko a tasha. Kada ya wuni da shi kullum, gama kunnen da ya saba da shiru ƙwarai sai ƙara ta daɗa yi masa zafi. In za a aike shi kasuwa, a aike shi da sassafe kafin ta cika. A makaranta a roƙi malam ya zaunar da shi nesa da ƙararrawa. In kun ga yana rangaji, ko yana kaɗa hannu, ko yana gunguni shi kaɗai, ku ƙyale shi muddin ba ya ji wa kansa rauni. Da haka ya ke rage ruwan tulun.

Ran da abin ya fashe, ku rage magana. Ku sallami 'yan kallo. Ku kawar da wuta da wuƙa da duk abin da zai ji masa rauni. Mutum ɗaya wanda ya saba da shi ya zauna kusa, ya yi shiru. Kada a doke shi, kada a ɗaure shi, kada a turara masa hayaƙi, gama wari ma kaya ne a kan kaya. Addu'a abu ne mai kyau, a yi ta a hankali, ba sai an ɗaga murya a kunnensa ba. Faɗa da tambaya a bari sai ya huta.

In babba ne, ku tambaye shi abin da ya fi damunsa, ku kuma gaskata shi. Matar da za ta aure shi, ko mijin da zai aure ta, a gaya musu tun da wuri, don kada a ce ƙin dangi ne in ya bar taron suna da wuri. A zaɓa masa sana'a da lura. Ɗinki a shagon gida ya fi masa aikin injin niƙa. Yaro na farko cikin 11 ɗin nan na Kanner, Donald Triplett, ya yi aikin banki a garinsu fiye da shekara 60, mutanen garin sun san halinsa sun karɓe shi. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Lalle a kai yaro asibiti a duba kunnen, gama ciwon kunne ma ya kan sa yaro ya riƙa kama kunnensa yana kuka, wannan kuwa yana da magani. In yana suma ko yana ƙamewa yana karkarwa, a gaya wa likita, don farfaɗiya ta fi yawa ga masu otizim. A fara da sashen yara na babban asibiti. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Amma ku sani babu ƙwaya ko jiƙo da ke cire otizim. Wanda ya ce ku kawo kuɗi ya cire, kuɗin kaɗai zai cire.

A Ingila, a 2018, kantunan Morrisons suka keɓe awa guda ran Asabar, daga ƙarfe 9 zuwa 10 na safe, suna kashe kiɗa suna rage haske, don irin mutanen nan su yi cefane. Mu ma a ajinmu na yaƙi da jahilci muna iya yin namu. In wani ɗan aji ya fi son zama a gefe, kusa da ƙofa, a bar masa wurin. In ana karatu baki ɗaya da ƙarfi ya tashi ya fita, kada malam ya kira shi, kada 'yan aji su yi dariya. A ajiye masa littafinsa a buɗe, a shafin da aka tsaya.